Sirrin da Rabi'a Ta Rufe

Akwai wata baiwar Allah a Whalley Range, cikin Manchester, mai suna Rabi'a. Karatun digiri na uku ne ya kawo ta, ita da 'yarta Raki mai shekara takwas. Raki na da sikila, amma Rabi'a ba ta taɓa gaya wa makaranta ba.

Wata mataimakiyar malama ce ta lura sanyi na kayar da yarinyar, take barin ta cikin aji lokacin wasa. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka sallami matar. Ciwon Raki ya yi ta tashi. Rabi'a ta ce ta gaji, ta zaunar da Raki a gida tana koya mata da kanta. Kuma wallahi ta koyar tsakani da Allah, sai dai ko layi ɗaya ba ta rubuta wa makaranta ba.

Yayarta Murja ta kira daga Aston, a Birmingham. "Rabi'a, ki kai wa makaranta letter ɗin GP, likitan Raki. Nan ba Kano ba ce."

"Haba Yaya, in tallata ciwon 'yata? Mace ce fa. Gobe duk community sun ji, wa zai aure ta?"

Sau uku jami'ar council, wato ƙaramar hukuma, tana zuwa tana tambayar ko akwai matsala. Sau uku Rabi'a tana kawo mata shayi tana cewa lafiya lau. Mu a wurinmu wannan mutunci ne. Ita jami'a ta rubuta cewa yarinya ta yi wata huɗu ba makaranta, uwa kuma ta ƙi ba da dalili.

Ranar da ciwon ya kai Raki asibiti, komai ya fito fili. Aka ce uwa ta ɓoye ciwo, ta hana karatu, wato sakaci. Rabi'a ta yi kuka, ta baje littattafan da ita da Raki suka cika tare, amma an riga an daina yarda da ita. Kotu ta damƙa Raki ga Murja kafin a gama bincike.

Yanzu duk Asabar Rabi'a ke hawa jirgin ƙasa zuwa Birmingham, ta ga 'yarta na awa biyu. A zuwa na farko Raki ta riƙe mata mayafi ta ce, "Mummy, me ya sa ba ki gaya musu ba?"



Darasi: Kunyar da za ta hana ka faɗin ciwon ɗanka inda ya kamata, ba rufin asiri ba ce, cutarwa ce. Ku tura wa iyayen da ke zaune a ƙasashen waje.