Dattijon da Ya Ƙi a Daidaita Masa Layuka

Akwai wani mutum mai kula da rumbun manhajojin kwamfuta, inda asibitoci da makarantu suke ɗauka kyauta. Kowace manhaja tana da rubutaccen bayani: sunanta, da inda aka samo ta, da waɗansu manhajojin da take bukata kafin ta yi aiki. Ma'aikata da yawa ne suke rubuta bayanan, kowa da salonsa, har ya zama wani ba ya iya karanta na wani sai da wahala.

Sai mai rumbun ya kafa ƙa'ida ɗaya ta rubutu, ya kuma kawo wata manhaja mai jera layuka da kanta bisa ga ƙa'idar. Dukansu suka yarda, sai wani dattijo wanda ya fi kowa daɗewa a aikin.

Ya ce, "Maigida, shekara goma sha biyu ina ƙawata rubutuna. In aka mai da shi kamar na kowa, wa zai san nawa ne?"

Mai rumbun ya ƙyale shi.

Ana nan sai wani ƙaramin asibiti ya aiko cewa manhajar da ke nuna sakamakon gwajin jini ta ƙi buɗewa, ga marasa lafiya suna jira. Dattijon ne ya rubuta bayaninta. Ya duba har sau uku, bai ga aibi ba. Abokan aikinsa suka zo taimako, amma suka kasa bin salonsa.

Da rana ta yi tsaka, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, a daidaita shi."

Nan da nan layukan suka jeru kamar kunyoyin gona. Sai wata ma'aikaciya ta nuna da yatsa ta ce, "Baba, ga gurbi nan. An manta da sunan ɗaya daga cikin manhajojin da take bukata." Suka rubuta sunan, asibitin kuwa ya ci gaba da aiki.

Dattijon ya ce, "Ashe adon da nake taƙama da shi ne ya ɓoye mini kuskurena."

Ma'anar wannan misali ita ce, rumbun nan ikilisiya ce, wato jama'ar masu bi, ƙa'idar kuwa Maganar Allah ce. Wanda ya nace wa tasa hanya don a san da shi, yakan rufe wa 'yan'uwa ƙofar yi masa gyara, waɗansu kuma su sha wahala saboda shi. Ku lura, manhajar nan mai jera layuka ba ta cike gurbin ba, ta dai sa aka gan shi. 'Yar'uwa ce ta nuna, shi kuma ya karɓa. Ya ku ƙaunatattu, ku yi tawali'u, ku bar rayuwarku a fili yadda ɗan'uwa zai iya karanta ta.