Kututturan Ladingo

"Ku matso kusa da wuta, jikoki. Ga ta nan, ga ta nanku!"

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Wata budurwa ce mai suna Ladingo, mai kunyar magana. Ranar da ta fara ganin Jatau mai zuma, kwance ta same shi rub da ciki yana sansanar ƙasa. Ta ɗauka motsattse ne. Ya ɗago da ƙasa a hanci ya ce, "Sannu, maƙwabciya." Ta wuce da sauri, amma sau uku ta waiga.

A shekarar ne guguwa ta kwantar da kurmin gefen tudu. Mai Gari ya raba wurin, ya ce kowa ya raya rabonsa, wanda nasa ya mutu bana za a karɓe. Rabon Ladingo ya faɗa kan ɗorawoyin da mahaifiyarta ta bar mata, ba ta da komai bayan su.

Sai ga Gizo.

"Ƴar uwa, dubi ƙazanta! A share wurin nan fes, a jera dashe layi-layi. Kyauta zan yi miki."

Ranar farko ya kwashe itatuwan da suka faɗi, ya kai kasuwa. Gara ta leƙo ta ce, "Ladingo, abincinmu ne fa." Ladingo ta sunkuyar da kai. Gara ta tattara ƴaƴanta ta tafi.

Rana ta biyu ya cinna wa ganyaye wuta. Tana, tsutsar ƙasa, ta fito tana murɗe-murɗe ta ce, "Ladingo, rufin ɗakinmu ne fa." Ladingo ta kau da kai. Tana ta ja jiki ta tafi.

Aka jera dashe. Ruwan farko ya sauka, ya gangara jawur, ya tafi da ƙasa rafi. Dashen ya kwanta, saiwa a waje.

Rana ta uku hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, ga Gizo tafe da diga.

"Kututturan nan ne suka hana dashen kamawa. Yau sai na tumɓuke su."

Gawayi yake so, kun gane.

Jatau ya kira Ladingo daga kan iyaka. Rabonsa kaca-kaca yake, rassa ko'ina. Ya ce, "Sa hannunki nan." Ta sa, yatsunta suka nutse, ƙasa baƙa, da danshi. Ta koma nata ta ƙwanƙwasa, ya yi ƙara kamar gindin tukunya.

Ƙwas! Diga ta sauka a gindin babban kututture.

Kututture ya yi nishi ya ce, "Ladingo, kaina ne ya karye, saiwata da rai. Ni kaɗai nake riƙe da ƙasar da ta rage."

Ƙwas!

Iska ta taso. Gizo ya ɗaga digar karo na uku, sai Ladingo ta haye kan kututturen ta tsaya.

"Sauka, ke!"

Ba ta motsa ba.

"Zan sare ƙafar!"

Tsawa ta faɗi. Gizo ya yar da diga, ya zura da gudu ya maƙale a rufin bukka.

Jatau ya jawo rassa daga rabonsa, suka shimfiɗa su a gicciye don su tare ruwa, suka rufe ƙasa da ganye. Ɗigon farko ya faɗo. Gara da Tana na tsaye a kan iyaka.

Jatau ya ce, "Ku shigo mana. In ba ku buɗe mata hanya ba, ta ina ƙasar za ta sha?"

Gara ta ce, "Ba kai ka kore mu ba, Mai Zuma. Sau biyu muka yi kuka ta yi shiru. Da bakinta muke so mu ji."

Ladingo ta matso kan iyaka. Ruwa ya fara gudu tsakanin ƙafafunta. Ta dubi Jatau, ya gyaɗa mata kai. Sai ta ɗaga murya har ta fi ruwan:

"Na yi alkawari! Ba wuta, ba shara, ba mai taɓa kututture a nan muddin ina da rai!"

Gara ta tsallako, Tana na biye. Kafin damina ta ƙare, kututturan sun yi toho har ƙugu. Mai Gari ya bar wa Ladingo rabonta.

To jikoki, mai son dashe ya fara ciyar da ƙasa. Kuma in ana ɓarna a gabanku, kada ku bari sai karo na uku.

Ƙurungus kan kusu. Kowa ya kakkaɓe zaninsa.