Zabuwa da Furen Lalle

An yi wata Zabuwa mai ji da kanta, kullum tana duba fuskarta a ruwan kasko. Maƙwabciyarta Bushiya ce, mai haƙuri. A bayan gidansu kuma akwai wani Bunsuru, wanda ko tsumma ya gani sai ya ɗanɗana.

Da aka gayyace su sunan 'ya'yan Agwagwa, Zabuwa ta rantse sai ta fi kowa ado. Tun saura kwanaki ta je ta karyo furen lalle, dami guda. Kafin azahar furen ya fara sunkuyar da kai.

Bushiya ta leƙo ta ce, "Ƙawata, ki tsige ganyen ƙasa, ki datse gindin a karkace, ki tsoma shi a ruwan sanyi cikin inuwa. Kullum ki sauya ruwan. Haka na yi wa nawa."

Zabuwa ta yi tsaki. "Ruwa? Furena ne zai sha ruwa kamar wani jaki? Zuma zai sha!"

"Zuma kuma?"

"Zuma! Kuma a kan katanga zan ajiye shi, kowa ya gani ya ji haushi."

Haka ta yi. Rana ta gasa furen, zuma ta danƙare shi. Ranar suna na Bushiya yana nan shar, nata kuwa ya langaɓe kamar dafaffiyar rama. Duk da haka ta liƙa shi a kanta, ta tafi tana taƙama.

Ana cikin addu'a, kowa ya rufe ido, sai ta ji wani abu mai ɗumi yana shafar ƙeyarta. Ta ce a ranta, "Har an fara taɓa adon nawa." Ta ƙara miƙe wuya.

Da aka shafa, ta waiga, sai ga Bunsuru yana tauna. Ya lashe kanta tas, kan sai ƙyalli yake.

"Ɓarawo! Ina furena?"

Bunsuru ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai gyatsa ta kufce masa. Ƙamshin lalle da zuma ya cika gidan. Mata suka yanyame shi suna guɗa.

Agwagwa ta ce, "Malam Bunsuru, wane turare ne wannan? Taho ka zauna kusa da ni!"

Zabuwa ta sulale ta ƙofar baya, ƙudaje na bin kanta har gida.

Darasin wannan labari shi ne, idan kana son abu ya daɗe a hannunka, ba shi abin da yake buƙata, ko da ruwan sanyi ne kawai. Kuma kada girman kai ya hana ka jin shawarar maƙwabci.