Tsohon Allo da Notin da Ba a Ɗaure Ba

A wani gari an yi wani mutum mai aikin buga takardu da kwamfuta. Kwamfutarsa ɗaya ce, amma allo biyu ya haɗa mata a kan tebur, tsoho a hagu, sabo a dama. A tsohon yake buɗe hoton rubutun hannu, a sabon kuma yana bugawa.

Matarsa, Maman Kauna, ita ce shugabar Zumuntar Mata ta ikilisiyarsu. Ta tsaya gaban mata ta yi alkawari cewa mijinta zai buga musu waƙoƙi arba'in da iyayensu mata suka bari a rubuce, a kai maɗaba'a ranar Alhamis, domin su je babban taro da littafi a hannu. In motar da ke zuwa can ranar Alhamis ta tashi babu aikin, shi ke nan, sai baɗi, ita kuma ta sha kunya.

Ranar Talata da safe, sai ga tsohon allo ya fara ƙifce-ƙifce. Ya yi haske, ya yi duhu, rubutu ya yi ta rawa har idon mutumin ya kawo ruwa. Ya kashe kwamfuta ya kunna, a banza. Ya zargi wutar lantarki, ya tada janareta, duk ɗaya. Da haushi ya ishe shi sai ya ɗaka wa allon mari, allon kuwa ya natsu na ɗan lokaci. To, kun san halinmu: tunda mari ya yi aiki, ai mai laifi ya bayyana. Haka ya wuni yana bugu yana mari, waƙa uku kawai ya gama.

Washegari ya ji muryar mai sayen tsofaffin ƙarafa a bakin titi, ya miƙe zai ciro allon ya ba shi, yana cewa tsufa ne, ya gama yayinsa. Maman Kauna tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ita ba ta san kwamfuta ba ko kaɗan, amma ta san ƙwan lantarki. Ta gaya masa cewa in ƙwan kicin yana ƙiftawa, ba ta jefar da shi sai ta sa na falo a gurbinsa ta gani.

“Baban Kauna,” in ji ta, “sa sabon nan a wayar tsohon mana, mu ga ko shi zai iya.”

Mutumin ya yi dariya, amma ya yi. Ya cire wayoyin daga bayan allunan ya musanya su. Sai ga sabon allo, abin taƙamarsa, yana ƙifce-ƙifce har ya fi na dā. Tsohon kuwa ya haskaka tar, ko motsi babu.

Ya durƙusa ya bi wayar tsohon da hannu har ƙarƙashin tebur, inda take shiga kwamfuta. Nan ya tarar da kanta a karkace, noti biyun da ke riƙe ta ba a ɗaure ba. Sai ya tuna: ranar da ya kawo sabon allo, ɗoki ya sa ya ɗaure nasa tam, na tsohon kuwa ya cusa shi kawai ya tashi. Marin da yake yi ma tebur yake girgizawa, wayar ta ɗan taɓa.

Ya murɗa notin nan biyu. Allo biyu suka tsaya cak suna haske, mutumin ya dubi tsohon ya ce, “Na gode wa Allah da ban ba da kai ba.” Ya zauna, hannu ya kama aiki, ranar Alhamis kafin direba ya gama lodi ya miƙa masa aikin. Mata suka je taro da littafinsu, suka rera waƙoƙin iyayensu har masu kallo suka miƙe tsaye, Maman Kauna tana gaba tana guɗa.

Ga abin da misalin nan yake koya mana, ƙaunatattu. Allunan nan mu ne, ba mu da hasken kanmu, daga wurin Ubangiji yake zuwa. Wayar kuwa ita ce zumunci da addu'a da ziyara. Akwai ɗan'uwa a cikinmu da ya fara ƙifce-ƙifce, yau yana sujada, gobe babu shi. Mun mare shi da baki, mun ce ya lalace. Ni dai abin yana ba ni haushi, domin da yawansu mu muka bar su a kwance muna rawar kai da sababbin zuwa. Da an sa ka a gurbinsa, wata shida babu mai ƙwanƙwasa ƙofarka, da kai ma ka yi ƙiftawar da ta fi tasa.

Amma ku yi murna, gama gyaran ba shi da nisa, durƙusawa kawai yake bukata. Kowa a nan ya san sunan wanda kujerarsa take wofi. Kafin Lahadi mai zuwa, je ka gidansa ka ɗaure notin, ka ga irin hasken da Ubangiji zai fitar daga wanda ka kusa jefarwa.