Ragon Ɗan Koyo

A kulob ɗin golf na garinmu, Tsalha ne mai lissafin rangwame. A wasan golf, mai ƙarancin bugu shi ke yin nasara. Tsalha yakan duba wasannin mutum na baya-bayan nan. Wanda hannunsa bai faɗa ba, sai a yafe masa bugu da yawa, gwani kuwa ko ɗaya.

Ana gobe gasar cin rago, shugaban kulob, Alhaji Ɗanjummai, ya kira shi.

"Tsalha, rangwamen 'yan koyo nake so, amma ina so kowa ya san ni gwani ne. In ka kasa, a bakin aikinka."

"An gama, ranka ya daɗe."

Washegari Alhaji ya wuni yana cilla ƙwallo cikin kududdufi, amma da aka cire rangwame, shi ya zo na ɗaya.

Tsalha ya ɗauki lasifika. "Jama'a, babban ɗan koyonmu, wanda aka fi tausaya wa, shi ya ci rago. Ya fito mu gan shi!"

Ba wanda ya fito. Alhaji ya saci kallon surukansa da suka zo kallo.

"Ranka ya daɗe, ko ka san shi?" in ji Tsalha.

"Ni? Ina gwani ina sanin irin waɗannan!"

"To, rago ba mai shi, sai mai lissafi ya yi haƙuri ya karɓa."

Alhaji ne ya fara tafi, yana cizon leɓe.