Telesiyas da Ruwan Mantuwa

A ƙauyenmu da ke gindin dutsen Helikon an yi wani maginin tukwane mai suna Telesiyas. Gwani ne a sana'arsa, kuma ba shi da mugun hali, sai dai bai san haƙuri ba ko kaɗan. Idan ya toya tukwane ba ya iya jira su huce, sai ya buɗe su tun da zafi, rabinsu su tsattsage. Idan haƙori ya dame shi da safe, kafin rana ta take ya sa an cire. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da namu, don haka yawancin abin da zan faɗa gani na yi, ba ji ba.

Mutum ɗaya ke iya zaunar da shi, ita ce 'yarsa Melita. Yarinya ce mai wushirya da surutu. Idan ta ga ya nufi wurin toyi, sai ta riƙe masa riga ta ce, "Baba, ka bar su su huta mana. Kai ma in an tashe ka daga barci ai faɗa kake yi." Sai ya yi dariya ya zauna, ta haye cinyarsa tana kirga masa furfura. Tana da wani agwagwa da ta raɗa wa suna Jarumi, domin ya taɓa fatattakar karen maƙwabta, har takan ce in ya mutu a gina masa wurin bauta kamar sauran jarumai. Uwarta Filinna ba ta kiran mijinta da wani suna sai Baban Melita.

Wata shekara, lokacin tsinkar inabi, zazzaɓi ya kama yarinyar. An yi jiƙo, an yi yanka, an roƙi Apollo, allan waraka. Amma tsofaffin allolin ƙaddara uku da ke riƙe da zaren rai, mai kaɗi da mai awo da mai yankewa, ba sa sauraron kowa. Kafin a gama matsar inabi Melita ta tafi ƙasar matattu.

Filinna ta yanke gashinta, ta zuba madara da zuma a kan kabarin, ta yi kuka kamar yadda uwa ke yi. Shi kuwa Telesiyas ya farfasa duk tukwanen da ke tsakar gida, ya ɗaga kai sama wajen sarkin alloli yana cewa, "Zeyus 'ya'yansa ba sa ƙidayuwa, ni ɗaya gare ni!" Dattawa suka toshe kunne.

Ya daina ci, ya daina aiki. Wata rana na ji matarsa ta ce masa, "Baban Melita, zo ka zauna kusa da ni. Kukan nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya."

Ya ce, "Har yaushe zan riƙa jin haka?"

Ta ce, "Ban sani ba."

"To ni ba zan iya jiran abin da ba shi da rana ba."

A bayan dutsenmu akwai wani kogo da ruwa ke tsattsafowa a cikinsa. Kowa ya san daga kogin Lete yake fitowa, kogin da matattu ke sha su manta da duniya. Wata tsohuwa ce ke tsaron wurin. Can Telesiyas ya nufa ba tare da ya gaya wa matarsa ba. Daga baya tsohuwar da kanta ta ba ni labarin yadda suka yi.

Ta ce masa, "Ɗana, wannan ruwan na matattu ne. Me mai rai zai yi da shi?"

Ya ce, "Inna, wuta ce a ƙirjina. Ki ba ni in kashe ta."

"Ruwan nan ba ya zaɓe. Ba zai ɗauke zafin ya bar maka yarinyar ba, tare suke tafiya. Koma gida, ka bari sanyi ya wuce, zaitun ya sake 'ya'ya. In har lokacin kana so, ka dawo."

"Ke ba ki san abin da nake ji ba."

"Na binne uku," in ji ta.

Bai ko dube ta ba. Ya durƙusa ya kamfata da tafin hannunsa, ya kira sunan 'yarsa, ya sha.

Da la'asar ya shigo ƙauye yana fito. Ya gaishe ni da fara'a har da tsokana, wai tumbina ya kusa kai tulun mai. Yana shiga gida ya ce yunwa yake ji. Filinna ta yi murna, ta kawo masa gurasar sha'ir da cuku, ta ce, "Sannu, Baban Melita. Yau dai ka ci abinci."

Ya ɗago kai ya ce, "Wace ce Melita?"

Ta zaci zolaya ce marar daɗi. Sai ya nuna ƙananan takalman da ke bakin ƙofa ya ce, "'Yar wa ta manta takalmanta a nan?" Agwagwan ya wuce ta gabansa, ya ce, "Wancan ya yi ƙiba, gobe a yanka shi." Filinna ta sunkuci agwagwan ta fito da gudu, ta miƙa wa matata ta kan katanga.

Telesiyas ya koma aikinsa, yana ci yana barci. An gaya masa ya taɓa haihuwa, ya kuma yarda, amma kamar an ce masa an yi ruwa a wani gari. Filinna ta ci gaba da zuwa kabarin ita kaɗai. Ran bikin matattu, da kowane gida ke dafa hatsi a tukunya don nasa, ya tsaya a bakin hanya yana sayar wa mutane tukwanen. Ta taɓa ce wa matata, "Da ya mutu ma da na san inda zan yi kukansa. Ga shi nan a gabana, amma ni kaɗai na haifi yarinyar nan."

Zaitun ya yi 'ya'ya, ya sake yi. A hankali kukan Filinna ya sauya. Sai ga shi wata rana tana zaune da matan unguwa suna kaɗi, tana ba su labarin ranar da Melita ta sa wa Jarumi kambin ganye ta zagaya da shi kasuwa. Suna dariya har da hawaye, ita ma tana yi. Telesiyas yana gefe da yumɓu a hannu. Ya daɗe yana kallon fuskar matarsa. Ya ga tana da wani abu da shi ba shi da shi.

Da matan suka watse ya matso ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya ce, "Filinna, yaya muryarta take?"

Ta kwaikwaya masa. Ya rufe ido ya saurara, ya buɗe, ya girgiza kai.

Washegari ya koma kogon. Ya ce, "Inna, ki mayar mini. Na yarda da zafin, duk ki ba ni."

Tsohuwar ta dafa kansa ta ce, "Da ina da abin mayarwa, ɗana, da alloli da kansu sun zo nema. Abin da Lete ya ci ya ci."

Tun daga nan har tsufansu, kullum in ya wanke hannu daga aiki sai ya zo ya zauna kusa da Filinna ya ce, "Ba ni wani labarin." Ita kuma ba ta taɓa goranta masa ba. Ta ba shi labarin haƙorin Melita na farko, da ƙiyayyarta da albasa, da ranar da ta faɗa cikin kwandon ɓaure. Ya haddace su duka, har yana gyara mata in ta yi tsallake. Ya fara bin ta kabarin, shi ke riƙe madarar. Amma ya ce mini, "Maƙwabci, kamar waƙar jaruman da na sani ne. Na san komai, ban ga komai ba."

Rana ɗaya ce na ga ya yi kuka. Ya tambayi matarsa abin da ya daɗe yana tsoron tambaya, ya ce, "Ta so ni kuwa?"

Filinna ta kama hannunsa ta ce, "Sunanka ne ƙarshen abin da ta faɗa."

Ya kife kansa a cinyarta. Ba 'yarsa yake yi wa kuka ba, domin bai san ta ba. Kukan mutumin nan da aka kira yake yi, wato shi kansa kafin ya sha ruwan, wanda ya tafi ya bar kiran.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, baƙin cikin rashi ba ciwo ba ne da ake cirewa a yar. Shi da ƙauna igiya ɗaya ce, wanda ya tsinke ɗaya ya tsinke duka. Filinna ta yi haƙuri, zafin ya huce, 'yarta ta zauna mata a zuciya. Telesiyas ya yi gaggawa, ya sami sauƙin ɗan lokaci, ya rasa 'yarsa sau biyu. In rashi ya same ka, kada ka nemi gajeriyar hanya. Ka zauna kusa da wanda kuke kukan tare, ka bar lokaci ya yi aikinsa.