Shawulu da Rijiyar Gado

A Gangara, can gefen Jibiya, an yi wani manomin lambu da ake kira Shawulu. Kada a ci haƙƙinsa, mutumin ya iya noma. Albasarsa har Maraɗi an san ta, direbobin manyan motoci masu ƙetare iyaka kan tsaya takanas su tambaya ko ta Shawulu ta fito. Aibinsa ɗaya ne, amma fa babba ne: bakinsa bai iya furta "ban sani ba". Ko a majami'a, in fasto ya yi tuntuɓen harshe wajen karatu, Shawulu ne zai yi gyaran murya daga benci na biyu don kowa ya san ya lura.

Sirrin albasar nan kuwa a rijiya yake. Ubansa ne ya haƙa ta da hannunsa a tsakiyar lambun, ruwanta garai-garai, ga daɗi, ba ta ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Da ita suke ban ruwa, da ita suke sha, shi da matarsa Tani da 'yarsu Jinƙai. In baƙo ya zo, kafin a ba shi tabarma sai Shawulu ya sa an jawo masa guga guda, ya tsaya yana kallonsa yana sha, yana jiran yabo.

Wata shekara, bayan an kwashe albasa aiki ya yi sauƙi, sai ya tsiri zama a rumfar mai shayi kusa da shingen iyaka. A nan ya riƙa jin hirar mutanen da suka dawo daga haƙar zinari a arewacin Nijar. Abin ya shiga ransa. Ya samo wata babbar tasa, duk Asabar ya nufi rafi yana wankin yashi ko zai dace da zinari. Da fari sha'awa ce kawai, ba ta cutar da kowa. Tani ma dariya take yi masa, in ya dawo ta ce, "Baban Jinƙai, yau ma yashin ya hita tas? To ga kwanonina nan, ka haɗa da su."

Ran nan, a wani kwazazzabo da ruwa ya zaizaye, ya ci karo da dutse mai duhu, jikinsa cike da ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa, kowace da kusurwoyi kamar ɗan sukarin shayi. Rana na dukan su suna walƙiya. Kai, nan take Shawulu ya ce a ransa zinari ne. Ya cika aljihu ya hau babur, bai tsaya ko'ina ba sai kasuwar Jibiya, rumfar Ɗantala.

Ɗantala tsohon maƙerin zinari da azurfa ne, abokin marigayi uban Shawulu, kuma a ƙuruciyarsa ya yi yawon sayen zinari a bakin ramukan da ake haƙarsa. Sai dai ba tambaya ta kawo Shawulu ba, nuni ya zo yi. Ya zazzage duwatsun a kan buzu gaban jama'a, ya ce, "Baba Ɗantala, duba abin da Ubangiji ya ajiye mani a Gangara."

Tsohon ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya juya ta, ya ɗora a kan maƙera ya sakar mata guduma. Ta tarwatse ta zama gari. Ya ɗauki wata ya goga a gindin wani fasasshen tangaran, ta bar layi baƙi mai ɗan kore. Ya jefa ta uku a garwashi, nan da nan rumfar ta gauraye da warin farar wuta, har masu kallo suka toshe hanci.

"Ɗana," in ji Ɗantala, "zinari in an buge shi baje wa yake, ba ya hashewa. In an goga shi rawaya yake bari, kuma ba shi da wari. Wanga dutse ƙarhe ne da farar wuta. Masu karatun duwatsu fairait suke ce mashi."

Wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya. Dariyar nan ta soki Shawulu har ƙahon zuci. Ya ce, "To, Baba, rantse mani ba a taɓa samun zinari cikin irin shi ba."

Ɗantala mutum ne da ba ya ƙarya ko don ya ci gardama. Ya ce, "Ba ni rantsewa. A wasu wurare akan samu, amma ɗan mitsitsi ne wanda ido bai gani, kuma sai an kai ɗakin gwaji ake sanin akwai ko babu. Hitar da shi aikin manyan injuna ne, ba na turmi da tasa ba. Abu guda nake roƙonka: kada ka daka shi ka zubar kusa da ruwa. Na ga inda aka yi haka, ruwan ya yi tsami, ko ciyawa ta daina hita."

Duk wannan dogon bayani, kalma biyu kawai Shawulu ya ɗauka. Ya juya ga jama'a yana buɗe hannuwa, ya ce, "Kun ji da kunnenku! Ya ce akan samu!" Ya kwashe duwatsunsa ya fita, yana faɗa wa duk wanda ya tare shi cewa tsufa ya fara cin idon Ɗantala.

Daga ranar sha'awa ta koma jidali. Ya sayo turmin ƙarfe, ya riƙa jigilar dutsen a amalanken shanu yana jibgewa a lambu. A ina zai wanke garin? Ai sai a bakin rijiya, tunda nan ruwa yake. Ya daka, ya wanke, ya leƙa tasa, ya watsar da sauran a gefe. Kafin damina ta sauka, tarin baƙin gari ya kewaye rijiyar har ya kai gwiwa. Zinari dai ko na sawa a ido bai gani ba, amma kullum cewa yake gobe.

Ruwan sama ya yi ta dukan tarin nan wata da watanni. Tani ce ta fara lura. Wata safiya ta jawo guga, ta kurɓa, ta tofar. Ta ce, "Baban Jinƙai, ruwan ga ya canza. Tsami yake, kamar an jiƙa tsohon ƙusa a ciki. Don Allah ka je ka ba Baba Ɗantala haƙuri, ka tambaye shi abin yi tun da sauran dama."

Shawulu ya karɓi gugan ya sha. Harshensa ya gaya masa gaskiya, don har haƙoransa sai da suka mutu. Amma ya tuna dariyar nan ta kasuwa, ya tuna zai tsaya gaban tsohon ya ce ya yi kuskure. Sai ya haɗiye, ya goge baki, ya ce, "Mi kika sani? Ɗanɗanon arziki ke nan." Ya ci gaba da daka har ƙarshen damina.

Da kaka ta wuce aka yi dashen albasa kamar kullum. Ruwan da injin ban ruwa ya zuƙo daga rijiyar ya fito ja kamar tsatsa, duk inda ya bi sai ya bar jan layi a ƙasa. Cikin mako biyu dashen ya yi rawaya ya kwanta. Aka sake wani, shi ma ya bi sahu. Tani ta koma ɗibar ruwan sha a rijiyar maƙwabta, ita da a da ake layi a tata, kuma kunyar wannan ta fi komai yi mata ciwo. Direbobi suka zo tambayar albasa, aka nuna musu lambun wani.

Sai a lokacin ƙafar Shawulu ta iya kai shi rumfar Ɗantala. Ya tsuguna, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Baba, ban sani ba." Tsohon bai ce masa "ai na faɗa" ba. Ya rufe rumfa ya hau bayan babur, suka tafi tare.

Ɗantala ya daɗe yana leƙen rijiyar. Sannan ya ce a kwashe tarin a kai shi nesa da ruwa a binne, a yashe rijiyar, a zuba wa ƙasar lambun farar ƙasa da taki, wataƙila bayan wasu shekaru ta farfaɗo, wataƙila kuma a'a. Ya dafa bakin rijiyar, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ranar da ubanka ya cim ma ruwa a nan, ni ke riƙe da igiya daga sama. Kwana arba'in muna haƙa. Da ya hito, bai sha ba sai da ya ce, wannan ta Shawulu ce." Shawulu ya sunkuyar da kai, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne uban.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, neman abu don sha'awa ba laifi ba ne, kuma rashin sani ba abin kunya ba ne. Abin da ya kashe rijiyar Shawulu girman kai ne. An gaya masa gaskiya cikakkiya, ya tsinci ɓangaren da ya yi masa daɗi ya watsar da gargaɗin, kuma ko da harshensa ya shaida masa, ya zaɓi ya haɗiye ruwa mai tsami a kan ya ce ya yi kuskure. In wanda ya fi ka sanin abu ya yi maka bayani, ka saurara har ƙarshe. In kuwa ka gane ka kauce, ka juyo a ranar, tun abin da aka bar maka gado yana hannunka.